Karo huɗu cikin kwana 18: Zazzaɓin Madrid da Barcelona ya kama matasan Kaduna

Daren Larabar nan da ta wuce, ana tashi daga wasan Tottenham da Real Madrid, mai wani gidan kallon ƙwallo da ke Unguwar Shanu ya jawo baƙin allonsa zuwa ƙarƙashin fitilar ƙofa, ya sa jiƙaƙƙen tsumma ya goge shi tas. A al'adarsa wasannin mako guda yake jerawa, na Ingila a sama, na Sifen da Italiya a ƙasa. A daren nan layi huɗu kawai ya rubuta da alli: 16 ga Afrilu, 20 ga Afrilu, 27 ga Afrilu, 3 ga Mayu. Gaban kowane layi sunaye biyu ne ba sa canzawa, Madrid da Barca. Waɗanda suka fito daga kallo, maimakon kowa ya kama hanyar gida, sai suka yi cirko-cirko gaban allon kamar ɗaliban da aka kafe wa sakamakon jarrabawa.

Muna cikin waɗanda suka tsaya. Washegari kuma muka zaga majalisu da gidajen kallo daga Kawo zuwa Unguwar Dosa, muka biyo ta Badarawa da Unguwar Sarki har Kabala Doki. Duk inda muka zauna hira biyu ce a bakin matasa, zaɓen shugaban ƙasa da wannan karon batta. A wasu wuraren ma ta biyun ta danne ta farkon.

Ga wanda ba ya bin harkar, ga yadda abin yake. Gobe Asabar, 16 ga Afrilun 2011, da ƙarfe 9:00 na dare agogon Najeriya ƙungiyoyin biyu za su haɗu a gasar La Liga a filin Santiago Bernabeu da ke Madrid. Barcelona ce a saman teburi da tazarar maki 8, saura wasa 7 a kammala kakar bana. Ranar Laraba 20 ga wata za su sake haɗuwa a filin Mestalla na birnin Valencia domin wasan ƙarshe na Kofin Sarkin Sifen, kofin da kafin 2011 rabon Madrid da shi tun 1993, lokacin da yawancinmu muna koyon tafiya. Sai kuma babbar magana, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, gida da waje: 27 ga Afrilu a Madrid, 3 ga Mayu a Camp Nou. Madrid ta zo nan ne bayan ta casa Tottenham 4-0 da 1-0, Barcelona kuma ta lallasa Shakhtar ta ƙasar Yukren 5-1 da 1-0. Wadda ta tsallake za ta je Wembley ranar 28 ga Mayu ta haɗu da Manchester United ko Schalke ta Jamus.

A shekara sau biyu aka saba ganin wannan karo, kuma kowane ɗaya sai a yi wata ana cin hirarsa. Yanzu ga huɗu a jere cikin kwana 18.

Yatsu biyar

Ba za ka fahimci zumuɗin da ake yi ba sai ka san abin da ya faru ranar Litinin 29 ga Nuwamban 2010. A ranar ce Barcelona ta zura wa Madrid ƙwallo biyar babu ko ɗaya: Xavi ya buɗe, Pedro ya ƙara, David Villa ya ci biyu, Jeffren ya rufe, aka kuma kori Sergio Ramos da jan kati. Pique ya ɗaga tafin hannunsa ya nuna wa 'yan kallo yatsu biyar. Wannan tafin hannu har yau bai sauka ba a Kaduna.

Akwai wani mai shayi a Kawo, ɗan Madrid ne na gani-kashe-ni, hoton Zidane ma a manne yake jikin akwatin burodinsa. Ya shaida mana cewa wata huɗu da rabi ke nan bai huta ba. Yaro zai zo ya ce a soya masa ƙwai, in ya tambayi guda nawa, sai yaron ya ɗaga masa hannu ya buɗe yatsu. Wani zai ce a zuba masa sukari cokali biyar. Akwai wanda ke tsayawa da babur a tsallaken titi, ba ya sayen komai, sallama kawai yake yi da hannu a buɗe ya wuce. Ya ce da farko yakan ji kamar ya watsa musu ruwan zafi, daga baya ya gane cinikinsa ƙaruwa ya yi, don 'yan Barca na zuwa ne takanas su tsokane shi, kuma ba a tsokanar mai shayi a tashi ba a sha ba.

Muna zaune wani matashi sanye da riga mai lamba 10 ya iso ya ce, "Oga, barka da jinya. Jibi za a ƙara maka allura."

Mai shayin ko ɗagowa bai yi ba daga fifita wutar da yake yi. "Ƙanena, zauna ka biya bashin jiya tukuna. Wanda ake bi kuɗin burodi ba ya musun ƙwallo a teburina."

Ciwon 'yan Madrid bai tsaya ga wasan Nuwamba ba. Tun da Pep Guardiola ya karɓi horar da Barcelona a 2008 zuwa farkon Afrilun 2011, sau biyar ya haɗu da su, sau biyar ya doke su: 2-0, sai 6-2 a gidansu, 1-0, 2-0, sannan 5-0. Ƙwallo 16 ya zuba musu, biyu kacal suka rama. Yaron da ya fara son Madrid yana aji ɗaya na babbar sakandare, ga shi yana shirin fita bai taɓa zuwa makaranta ranar Litinin yana taƙama da Clasico ba.

Abin da suke riƙe da shi a 2011 shi ne Jose Mourinho. Kowane ɗan Madrid da muka zanta da shi sai ya tuna mana cewa a 2010 a daidai irin wannan mataki shi ne ya fitar da Barcelona lokacin yana Inter Milan, ya ci 3-1 a Italiya, ya je Camp Nou ya toshe gida da mutum goma, aka ci shi 1-0 ya wuce abinsa, ya kuma ɗauki kofin. Mutumin ya san cikin gidan Barca, don a can ya yi aiki daga 1996 zuwa 2000, ya fara da yi wa Bobby Robson tafinta da taimako, lokacin Guardiola yana ɗan wasa. Shi ya sa 'yan Barca na Unguwar Dosa ba sa kiran sunansa, Tafinta kawai suke ce masa. Su kuma 'yan Madrid in musu ya yi musu zafi sai su koma lissafin kofuna: a lokacin na Zakarun Turai 9 gare su, Barcelona 3. Amsar da ake ba su ita ce rabonsu da shi tun 2002, kuma shekara shida a jere ba su wuce zagayen 'yan 16 ba sai a 2011. Daga nan sai muryoyi su hau sama, sai wani dattijo ya leƙo ta taga.

Da wa mu muke?

Gara mu faɗi gaskiya tun kafin a zarge mu. Mu 'yan Arsenal ne, tun zamanin Kanu muka gada daga yayyenmu. A ƙa'ida ba mu da tsuntsu ba mu da tarko a wannan rigima. Sai dai Barcelona ta cinye mu a wasan ƙarshe na 2006, Messi ya zura mana huɗu shi kaɗai a 2010, sannan a watan Maris na 2011 aka kori Van Persie don ya buga ƙwallo bayan an hura usur, suka sake fitar da mu. Mai karatu ya yi wa kansa hisabin inda zuciyarmu za ta karkata gobe.

Kuma ba mu kaɗai ba ne 'yan haya. A lurarmu, kusan rabin masu ihu a irin wannan dare ba asalin 'yan ƙungiyoyin biyu ba ne. Wasu 'yan Manchester United sun bi Cristiano Ronaldo zuwa Madrid tun da aka saye shi fam miliyan 80 a 2009, wasunsu kuma haushin tafiyar tasa ya sa suke masa fatan kunya. 'Yan Chelsea ba sa ɓoye nasu: Mourinho ne ya kawo musu Mikel Obi, kuma har gobe ba su yafe ƙwallon da Iniesta ya ci su ana daf da tashi a Stamford Bridge a 2009 ba. Masu son Barca na asali kuwa, manyan cikinsu sun fara ne tun lokacin Emmanuel Amunike, na bayansu Ronaldinho da Samuel Eto'o ne suka jawo su, ƙananan kuma Messi suka buɗe ido suka gani. A ɓangaren Madrid akwai 'yan zamanin Zidane da Figo da Ronaldo na Brazil, ga kuma Emmanuel Adebayor ɗan Togo da ya zo aro daga Manchester City a Janairun 2011, wanda ya ci Tottenham biyu da ka.

Akwai wani nau'in musu da muka ji a wurare biyu da bai burge mu ba, inda ake ƙirga 'yan wasa Musulmi na kowane ɓangare don a nuna ƙungiyar da ta fi cancanta a so. Wannan ya kawo Benzema da Ozil da Khedira, wancan ya kawo Keita da Abidal. Waɗannan mutane aikinsu suke yi ana biyansu, kuma kocin da ya saye su ƙafarsu ya duba. A gari irin namu, abin da ya kamata a bari a ƙofar gidan kallo tare da babura ke nan.

Sun taɓa zuwa nan

A wata majalisa da ke Unguwar Sarki ne muka samu labarin da ya fi tsaya mana a rai. Wani magidanci, tela ne, yana sauraren yara suna musun ko Xavi ya fi kowa iya raba ƙwallo, sai ya ajiye almakashi ya ce shi ya ga Xavi da idonsa, ba a talabijin ba, a nan Kaduna. Yaran suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Haba Baba, a mafarki dai."

Ba mafarki ba ne. A watan Afrilun 1999, Najeriya ta karɓi baƙuncin Gasar Matasa ta Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, kuma filin wasa na Ahmadu Bello na cikin filayen da aka yi amfani da su. A nan Sifen ta fitar da Ghana da bugun fanareti a wasan daf da na kusa da ƙarshe, kuma yaron da ya tsare mata raga a ranar shi ne Iker Casillas, kyaftin ɗin Madrid a 2011. A nan kuma ta doke Mali 3-1 a wasan kusa da na ƙarshe kafin ta tafi Legas ta cinye Japan 4-0 ta ɗauki kofin. Xavi na cikin tawagar Sifen. A tawagar Mali kuwa akwai Seydou Keita, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan gasar, a 2011 kuma abokin wasan Xavi ne a Barcelona. Wato mutum uku daga cikin waɗanda za a biya kuɗi a kalla gobe sun taɓa shan zafin Afrilun Kaduna, sun taka ciyawar filin da muke wucewa ta gabansa a bas ba ma ko waiwayawa.

Telan ya ƙara musu da cewa akwai ɗan Kaduna da ya taɓa sa rigar Barca, Haruna Babangida, ƙanen Tijjani Babangida na Ajax, wanda ya tashi a makarantar horar da yaran ƙungiyar har ya buga wa ƙungiyarta ta biyu. Yaran suka yi tsit. Mu kanmu lokacin gasar ta 1999 muna firamare, abin da muke iya tunawa bai wuce jiniyar motocin rakiya ba.

Lissafin mai gida

Ga masu gidajen kallo wannan kaka ce ta girbi, amma girbin da ke tattare da fargaba. Mai gidan Unguwar Shanu ya zauna da mu kan benci da rana tsaka, rumfar kwanon ta ɗauki zafi kamar tanda, ya yi mana lissafi. Naira 30 yake karɓa a wasannin yau da kullum, babban wasa Naira 50. Yana da talabijin uku da fankoki huɗu, kuma ba ya sa wutar NEPA a lissafinsa ko kaɗan; in ta zo alheri, in ba ta zo ba inji na nan. Yana biyan kuɗin DStv, yana kuma da katin Aljazira, saboda akwai masu cewa in ba su ji Balaraben nan yana jan sunan Messi har numfashinsa ya ɗauke ba, kamar ba su kalli wasa ba. Ya aro benci shida daga wata makarantar Islamiyya da ke maƙwabtaka, da alƙawarin mayarwa kafin yara su zo da safe. Ya kai injinsa an wanke, ya kuma yi magana da wani mai wankin mota ya ba shi aron nasa ya ajiye a gefe.

Dalilin ajiye inji na biyu, in ji shi, wani dare ne a bara da injinsa ya shaƙe ana shirin buga fanareti. Kafin ya tayar da shi an ci an wuce, mutane suka ce sai ya mayar musu da kuɗinsu, aka karya masa benci biyu. Abu na biyu da yake tsoro shi ne hadari. Ƙarshen Afrilu ne, in iskar farkon damina ta taso takan juya masa kwanon satalayit, hoto ya daskare, kuma ba wanda zai yarda cewa ba laifinsa ba ne.

Ya kafa dokoki uku da ya ce ba sani ba sabo. Ba a caca a cikin rumfarsa. Ba a shiga da abin da zai iya zama makami, ko da makullin taya ne. Sannan 'yan Madrid dama, 'yan Barca hagu, 'yan haya irinmu a tsakiya. Da muka nuna masa cewa ya mai da mu katanga ke nan, sai ya ce ai 'yan Arsenal sun saba haƙuri.

Ba don wasa ya kafa dokokin ba. Da yawa daga cikinmu na tuna labarin da ya fito daga Jihar Ribas a watan Mayun 2009, bayan Barcelona ta doke Manchester United a wasan ƙarshe, inda wani direba ya afka wa masu murna da motarsa ya kashe mutum huɗu. A nan gida ma ba wanda ya daɗe yana shiga gidajen kallo da bai taɓa ganin abokai sun ba hammata iska a kan ƙwallon da aka buga a wata nahiya ba. Wasa ɗaya a wata shida ana samun lokacin hucewa. Huɗu a jere, wanda aka ci ranar Asabar zai dawo ranar Laraba da sauran haushinsa, shi ne abin da mai gidan ya ce yana hana shi barci.

Ranar ƙuri'a, daren ƙwallo

Sai dai babban abin da ya sa wasan gobe ya bambanta shi ne ranar da ya faɗo. Gobe ne zaɓen shugaban ƙasa na 2011, kuma ga yawancin sa'o'inmu wannan ne karon farko da za mu dangwala wa ɗan takarar shugaban ƙasa. Mun sha layi a watan Janairu mun yi rajista. Tsarin da hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta kawo a 2011 ya tanadi a tantance mutum da safe, ya dawo ko ya jira a fara jefa ƙuri'a da rana, kuma matasa da dama sun ce ba za su bar rumfar zaɓe ba sai an ƙirga a gabansu. Ga taƙaita zirga-zirga da ake yi a ranar. Kamar hakan bai isa ba, da yammacin goben ne Manchester City da Manchester United za su kara a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA. Wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya tsara mana ranarsa: layin tantancewa da safe, ƙuri'a bayan Azahar, ƙirga bayan La'asar, Manchester kafin Magariba, Madrid bayan Isha. Muka tambaye shi abinci fa, ya ce sai Lahadi.

Dariya muka yi, amma a gidaje da yawa maganar ba ta dariya ba ce. Bam ɗin da ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja ranar Juma'ar da ta gabata, wanda ya ci rayuka har da na masu yi wa ƙasa hidima, ya sa iyaye sun ƙara ɗaure fuska. Wasan da za a fara ƙarfe 9:00 ba zai ƙare ba sai wajen 11:00, a daren da sakamako zai fara fitowa, jita-jita na yawo a wayoyi. Iyaye mata da yawa sun riga sun yanke hukunci: a dawo daga rumfar zaɓe a shige gida.

Muna da abokin karatu da ke zaune a Sabon Tasha, ɗan Barca ne da ko jakar littattafansa ja da shuɗi ce. Shekara biyu ke nan duk babban wasa yakan tsallako gada ya kalla tare da mu, in dare ya yi ya kwana a ɗakinmu, da safe Hajiyarmu ta aiko masa da koko da ƙosai kafin ya wuce coci. Ranar 5-0 a kan katifarmu ya kwana yana mana dariya cikin barci. Jiya ya kira mu ya ce mamarsa ta ce ba inda za shi sai an gama zaɓuɓɓuka gaba ɗaya, har na gwamna da za a yi ranar 26 ga wata. Ba mu ga laifinta ba, don da mu ne muka ce za mu kwana a Sabo gobe, amsar da za mu samu a gida ke nan. Muna yara aka yi rikicin 2000 da na 2002, muka tashi muka tarar kogin nan ya zama iyaka, kowa ya koma ɓangaren da yake ganin zai yi barci da ido biyu rufe. Gidan kallo na cikin 'yan wuraren da suka rage da za ka ga an rungume juna ba a tambayi suna ba. Mun yi da shi cewa in komai ya lafa zai zo na ranar 27, kuma mun ce mai gida ya ajiye masa wuri a hagu.

Karatu, salla da 'yan mata

Ga ƙannenmu masu shirin WAEC, shawararmu gajera ce: wasa biyu na cikin huɗun ranar Laraba ne, ɗaya ranar Talata, duk daren makaranta. Messi ba zai zauna maka jarrabawar lissafi ba. Ku zaɓi ɗaya ko biyu, sauran ku ji a rediyo da safe. Mun san ba za ku ji ba, mu ma ba mu ji ba a lokacinmu, amma dai mun faɗa.

Wasannin Zakarun Turai kuma a 2011 da ƙarfe 7:45 ake farawa, daidai lokacin da ake shirin kiran Isha. Wani limamin unguwa a Badarawa ya yi wa matasa tuni a kan haka cikin raha, ya ce ya lura duk daren Talata da Laraba sahu kan rage tsawo. Wasu gidajen kallon suna shimfiɗa tabarmi a waje a yi jam'i lokacin hutun rabin lokaci, wanda mun ga ya fi a bari sai an tashi, lokacin da rabin jama'a ba sa cikin hayyacinsu.

Kada kuma a ɗauka abin na maza ne kaɗai. A ajinmu akwai ɗalibar da ta fi mu sanin dalilin da ya sa rashin Puyol, wanda ke jinya tun Janairun 2011, da na Abidal, da aka yi wa tiyatar hanta a watan Maris na 2011, zai iya buɗe bayan Barcelona. Ba ta taɓa shiga gidan kallo ba, kuma ba za ta shiga ba. A falon gidansu take kallo in akwai wuta, in babu ta bi ta saƙon waya daga yayanta. Ta ce abin da ke ba ta haushi shi ne in ta yi magana a kan ƙwallo sai a ce ai kyan Ronaldo take so.

Namu na gida fa?

A Hayin Banki mun yi wa wasu yara 'yan sakandare ɗan gwaji. Muka ce su lissafo 'yan wasan Barcelona goma sha ɗaya, suka kawo har da na benci. Muka ce to su kawo uku na Kaduna United. Aka kalli juna. Alhali wannan ƙungiya ce ta doke Enyimba da bugun fanareti a Kano a 2010 ta ɗauko Kofin Tarayya, a 2011 kuma ta wakilci Najeriya a gasar Afirka. Ranchers Bees kuwa, da ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1988, ta kuma fitar da Daniel Amokachi, ɗaya daga cikin yaran ya ɗauka sunan filin wasa ne kawai. Ba mu yi musu faɗa ba, don da sun juyo da tambayar kanmu, da ƙyar mu kai biyar. Garin da ya haifi Amokachi da Garba Lawal da Celestine Babayaro da 'yan gidan Babangida, yau 'ya'yansa sun fi sanin hanyar Camp Nou a kan ta filin da ke bakin gada.

In aka tambaye mu hasashe, muna ganin gasar La Liga ta riga ta kuɓuce wa Madrid ko da ta ci gobe. Tazarar maki 5 da wasa 6 ba abin da Barcelonar bana za ta zubar ba ne. Amfanin wasan gobe gare su shi ne su cire tsoro. Kofin Sarki wasa ɗaya ne, kuma a wasa ɗaya Mourinho ya iya ɗaure mutum. Na Zakarun Turai kuwa, zuciya na cewa Madrid, ido na cewa Barca. Mai shayin Kawo ya ce shi ba ya neman huɗu, ba ya neman uku, a ba shi ɗaya tak ya samu abin ɗaga wa yaran nan yatsa.

Da muka koma Unguwar Shanu da yammacin jiya mun tarar mai gidan yana sauke jarkoki biyu na fetur daga kan babur, don ya ce ba ya sa ran samun gidan mai a buɗe gobe. A ƙasan layukan nan huɗu na allo ya ƙara wani da ƙananan baƙaƙe, cewa duk wanda ya nuna tawadar zaɓe a yatsansa Naira 40 zai biya. Wani yaro da bai wuce shekara 14 ba ya tsaya ya karanta, ya ce, "Yaya, mu da ba mu isa zaɓe ba fa?"

Mai gidan ya ajiye jarka ya dube shi. "Kai je ka kawo mini izinin babanka tukuna, sannan mu yi maganar kuɗi."